Lalle Ba Ya Cizo

Gidan da muka yi haya a unguwar Lamisula ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida, da bishiyar maina a tsakiya. Mun shige shi ne bayan an yi mini canjin makaranta daga garinmu na kudancin Borno. Ina koyarwa a firamare, maigidana kuma akawu ne a wani ofis. Mu kaɗai ne Kirista a gidan, amma ban taɓa ganin hakan ya hana wani aron wuta ko gishiri ba.

Mai gidan wata dattijuwa ce Babarbariya, kowa Hajja yake ce mata. Hausarta ba ruwanta da namiji ko mace, sai ta kalle ni ta ce, "Kai Malama, ka tashi lafiya?" An ce da ƙuruciyarta ba a biki a unguwar sai da ƙwaryarta da muryarta, amma tun da ta dawo daga Makka ta ajiye waƙa. Ni dai ban taɓa jin ko amshi ya fito daga bakinta ba, sai carbi da faɗa a kan masu zubar da ruwa a bakin rariya.

A ɗakin da ke jikin nawa akwai wata matashiya da mijinta. Na girme ta sosai, don haka nake ce mata ƙanwata, ita kuma ta ce mini Yaya Malama. Sana'arta zanen lalle. A hannun wata Bashuwa ta koya tun tana yarinya, ta kuma fi malamar tata. Takan tankaɗe lallen sau da yawa har ya yi laushi kamar hoda, ta kwaɓa, ta ɗura a sirinji marar allura, ta ɗora hannun mutum a kan gwiwarta. Daga nan ba ta ƙara ɗago kai. Reshe ya fito daga wuyan hannu, ya yi ganye, ya yi fure, ya nannaɗe yatsa. Ba ta kwaikwayon kowa, ba ta kuma maimaita zane ɗaya ga mutum biyu. Idan Sallah ta matso, tsakar gidanmu kan cika da 'yan mata daga Fezzan da sauran unguwanni, kowa ta baza hannu tana jiran ya bushe, ana ta hira da Hausa da Barbarci a cakuɗe. Da Kirsimeti kuma matan cocinmu ne ke cika wurin.

Mijinta direba ne. Yana ɗaukar bandar kifi daga kasuwar Baga Road ya kai kudu, ya yi kwanaki ya dawo. Mutum ne mai fara'a, ba ya dawowa hannu biyu, ko manja ko ayaba sai ya raba wa kowane ɗaki. A tsakiyar shekarun casa'in ne ya fara ciwo. Tari ne da farko, sai zazzaɓin da ba ya sauka, sai rama. Ya bar tuƙi. Ya kwanta asibiti ya fito, ya sake komawa, daga nan bai dawo ba.

Tana cikin takaba ta kira ni ɗakinta wata rana da hantsi. Tana zaune a kan tabarma, ta lulluɓa da farin mayafi. Ta ce, "Yaya Malama, zauna. Akwai maganar da ba na so ki ji ta a waje."

Na zauna.

"Likita ya ɗebi jinina bayan rasuwarsa. Ya ce abin da ya kashe shi yana jikina."

A lokacin sunan ciwon ma ba a cika faɗa ba. A rediyo a ce cuta mai karya garkuwar jiki, a titi a ce ƙanjamau, samari kuma su ce kabari salamu alaikum suna dariya. Hoton da muka sani a bangon asibiti ƙwarangwal ne da manyan idanu. Na kalle ta, ga ta da jikinta, kumatunta a cike, hannuwanta a kan cinya. Na ce, "Allah ya sa kaffara ne," kamar yadda nake ji suna yi wa juna.

Ta ce, "Amin. Na gaya wa Hajja jiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce in ci abinci."

Ba daga bakin ɗayanmu maganar ta fita ba. Wani daga dangin mijin ne ya ji a asibiti, ya faɗa a kasuwa, kafin a ce haka unguwa ta ɗauka. Sai dai takaba ta rufe abin na ɗan lokaci, domin dama mai takaba ba ta harkar ado, babu wanda ya yi tsammanin ganin masu lalle a ƙofarta. Da ta fita takaba ne aka gane. Azumi ya zo ƙarshe, ta sayo lalle, ta tankaɗe, ta wanke sirinjinta, ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin maina. Ranar farko ba wadda ta zo. Kashegari wasu 'yan mata biyu suka leƙo, uwarsu ta biyo su da ihu tun daga soro, ta kora su gida. Ina jin tana cewa a bakin ƙofa, "Da sirinji fa take yi!"

A cikin gidan ma abubuwa suka canza a hankali, ba tare da an yi faɗa ba. Butarta ta koma ita kaɗai a gefen bango. Idan ta yi shanya, sai a bar mata igiya guda. Mai ruwa kan zuba mata a randa ya karɓi kuɗinsa da gefen riga. Gaisuwa dai ana yi, daga nesa.

Ni kaina tambayoyi sun cika mini ciki, ga yara ina da su. Maigidana ya ce, "Ke da kike da nas a zumuntarku ta coci, me zai hana ki tambayi wadda ta sani?" Bayan taron zumuntar mata na ranar Talata na ja matar gefe. Mace ce marar kwana-kwana. Ta ce mini ba a ɗauka ta musafaha, ko buta, ko kofi, ko cizon sauro. Ta jini ne, da kwanciyar aure, da uwa zuwa ɗa. Reza da allura kawai za a kiyaye. Na ce sirinjin lallen fa? Ta yi dariya ta ce, "Wanda ba shi da allura? Ai da shi da kwalbar man shafawa duk ɗaya." Sai kuma ta daina dariyar ta ce, "Magani ne dai ba mu da shi. Abin da ke ba ni tausayi, kafin ciwon ya kayar da su kaɗaici ya riga ya gama da su."

Ƙanwata ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da na lura shi ne hannunta bai iya zama haka nan. Ta zana hagunta har ba sauran wuri, ta zana ƙafafunta. Da na ga haka na fara kawo mata guntayen alli daga makaranta. Kullum da la'asar sai ta tsuguna a dandamalin ƙofarta ta yi ta zane a kan siminti, da safe ta share ta sake wani. Yaran gidan kan tsaya daga nesa suna kallo. Hajja kuma na zaune a kan kujerarta 'yar tsugune tana jan carbi, idonta a kan allin.

Ana haka aka sa ranar bikin jikar Hajja, 'yar babban ɗanta. Gidan ya kama ƙamshin turaren wuta tun saura kwanaki. A ranar lalle mata suka cika tsakar gida, lafaya kala-kala, ga dangin ango, ga na amarya, ga mu maƙwabta. Uwar amarya ta ɗauko wata mai lalle daga Fezzan, ta zaunar da ita a kan sabuwar tabarma. Ƙanwata ta ja labulen ɗakinta tun da safe.

An fara yi wa amarya ke nan sai Hajja ta fito daga ɗakinta. Ta sa aka kawo babban baho da ruwa, ta kifa ƙwarya a ciki. Tsofaffin da suka san ta tun zamanin ƙuruciyarta suka fara kallon juna. Ba ta zauna a wurin da aka tanadar mata ba. Ta ja kujerarta har ƙofar mai labulen nan, ta zauna, ta ɗaga murya.

"Feronyi," ta ce, wato 'yata da Barbarci, "fito da kayanka. Ni ba a yi mini lalle ba."

Ba motsi. Ta sake kira. Labulen ya ɗan buɗe.

"Hajja, ki bari," in ji ƙanwata a hankali. "Biki ne. Kar a ɓata wa yarinya ranarta."

"Gidan wa?"

"Gidanki ne."

"Ƙafar wa?"

"Taki ce."

"To fito."

Ta fito da ƙaramar tasarta da sirinjin. Tsakar gidan ta yi tsit, har kukan kurciya a kan maina ana ji. Hajja ta tuɓe takalmi ta ɗora mata ƙafar dama a kan cinya. Uwar amarya ta taso ta durƙusa kusa da ita, ta yi magana da Barbarci ƙasa-ƙasa. Ban ji me ta ce ba, ban kuma ji amsar ba, amma ta koma wurinta da sauri. Ƙanwata ta sunkuyar da kai ta fara. Layin farko ya ɗan karkace, ta goge da yatsa, na biyu ya tafi daidai.

Sai Hajja ta jawo bahon kusa, ta ɗauki ludayi ta buga ƙwaryar. Muryarta ta dushe da tsufa, amma tana da zurfi. Da Barbarci ta fara, tsofaffi suna gyaɗa kai, sannan ta juya ta Hausa saboda sauranmu:

Hannun nan kun san shi,
Shi ya yi muku ado ranar aurenku.
Ciwo baƙo ne, ba ya sallama,
Bai tambayi gidan malam ba, bai tambayi na direba ba.
Wanda ya sauka a gidansa ku je ku gaishe shi,
Gobe ba a san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Sai ta sa amshi: Miƙo hannu, lalle ba ya cizo.

Da ta faɗi amshin karo na farko wata tsohuwa ta kece da dariya, ta rufe baki da lafaya. A karo na biyu ta amsa. A na uku mun kai mu biyar ko shida. Hajja ta shiga ƙara baitoci nan take, tana tsokanar mutane ɗaya bayan ɗaya ba tare da kama suna ba: mai gudun buta amma ba ta gudun gulma, mai tsoron igiyar shanya amma mijinta ya fi wata bai kwana gida ba. Wurin ya kaure da shewa. Wasu daga dangin ango suka tattara mayafansu suka fita, ba su dawo ba sai da aka kira su cin abinci.

Da aka gama ƙafafun Hajja, ta ɗaga su tana nuna wa jama'a kamar yarinya. Na matso na zauna a inda ta tashi, na ɗora hannuna a gwiwar ƙanwata. Tafin hannunta da ɗumi. Ba ta kalle ni ba, sai ta ce, "Yaya Malama, fure ko ganye?" Na ce duk wanda ya zo mata. Bayana tsohuwar nan mai dariya ta zauna, sai wata ƙanwar Hajja, sai wata ɗaliba da ke haya a ɗakin ƙarshe. Amarya dai ba a bari ta zo ba, mai lallen Fezzan ce ta gama mata. Ita ma baiwar Allah da ta kammala aikinta ta taso ta tsaya a kanmu tana kallo, ta ce, "Wannan murɗin yaya kike yinsa?" Ƙanwata ta nuna mata a kan siminti.

Ba zan ce daga ranar komai ya dawo yadda yake ba. Akwai waɗanda har ta bar duniya ba su sake taka tabarmarta ba. Limamin unguwa ma an kai masa ƙarar Hajja, wai ta koma kiɗa da tsufanta. Ta aika masa cewa kiɗan na rana ɗaya ne, shi kuma ya yi wa mutane wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci. An ce ya yi, ni ban ji ba. Amma buta ta koma cikin 'yan uwanta, igiya ta koma ta kowa, mata kuma suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, wasu ta ƙofar baya.

Waƙar ce ta yi tafiyar da ba mu zata ba. Na rera wa matan zumunta ita a coci, suka ɗauka. Suka cire baitocin tsokana, suka ƙara nasu a kan ziyarar marasa lafiya, suka sa mata tulu da kacau-kacau. Hajja da na gaya mata ta ce, "Sun cire gishirin." Amma na ga ta ji daɗi. Wata rana na je Baga Road sayen banda, sai na ji matan da ke tsince kifi a bayan rumfa suna yin amshin, ɗaya na bayarwa sauran na karɓa. Na tambayi wadda ke kusa da ni inda suka samo ta. Ta ce waƙar biki ce kawai, daga Lamisula aka ce ta fito.

Nas ɗin nan ta zumuntarmu ta zo gidan da kanta bayan haka, aka yi mata lalle. Tana jiran ya bushe ta ce, "Ƙanwata, za ki iya yin irin wannan a kan ƙyalle? Hoton da muke da shi a bangon asibiti korar mutane yake yi. Mace ta zo awo, ta gan shi, ta ƙi yarda a ɗebi jininta." Ta kawo farin yadi. Ƙanwata ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta danne kusurwoyinsa da duwatsu, ta yi kwanaki a kai. Hannuwa biyu ta zana manya, ɗaya a cikin ɗaya, zanen ya taso daga wuyan wannan ya ratsa ya ƙare a wuyan wancan, ba ka gane inda na ɗaya ya tsaya. Da lalle ta yi shi, da ya bushe ta karkaɗe, ya bar launin ja mai duhu. Ni na rubuta amshin waƙar a ƙasa da manyan baƙaƙe, wani ɗalibi ya sake rubuta shi da ajami. Aka rataye a ɗakin jiran mata na asibitin. Ƙwarangwal ɗin ba a cire shi ba, domin nas ɗin ta ce ba ta da ikon cirewa, amma ta mayar da shi bayan ƙofa.

Ƙanwata ta samu Sallah biyu tana aiki. Bayan ta biyun jikinta ya fara sauka. Takan jingina da bango a sa mata filo, ta yi wa mutum ɗaya ko biyu ta ce ta gaji. Zanenta ya ragu, furen ya zama ɗaya a tsakiyar tafi maimakon reshe har gwiwar hannu, amma ko a haka ba ta yarda layi ya karkace. Muka raba jinyarta tsakaninmu ba tare da an zauna an tsara ba. Hajja da safe, ɗalibar nan da rana idan ba ta da lacca, ni idan na dawo daga makaranta. Uwar amaryar nan ma ta riƙa aiko da kunun gyaɗa, ko da yake ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Da damina ta rasu, da rana, an gama ruwa ke nan. Hajja da ƙanwarta suka yi mata wanka, nas ɗin ta kawo musu safar hannu ta nuna musu yadda za su yi. Mazan unguwa da dama sun fito sallarta.

Bayan 'yan kwanaki mahaifiyarta ta iso daga wani ƙauye can wajen babban tafkin kan iyaka, inda labari ke daɗewa kafin ya kai. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ta zauna a ɗakin 'yarta ta daɗe tana kallon kayan, sannan ta nemi a tara mata matan gidan. Muka zauna a ƙarƙashin maina, Hajja na yi mana tafinta. Ta gode mana, ta sake godewa. Sai ta yi wata tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

Hajja ta juyo ta ce, "Wai an gaya mata masu irin wannan ciwon a ɗaki ake kulle su. Tana tambaya ko akwai mutum a kusa da ita lokacin."

Na ce, "Gaya mata kanta a cinyata yake. Ke kuma kina riƙe da ƙafarta."

Hajja ta faɗa mata. Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, ta goge ido da gefen zane. Ta tashi ta shiga ɗakin, ta fito da kwanuka da 'yan zannuwa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ajiye wa kowa wani abu a gabanta. Ni zane ta ba ni, shuɗi. Sauran ta ƙulle a buhu guda. Kashegari da safe maigidana ya ɗora buhun a bayan babur ɗinsa, ni da Hajja muka taka mata har bakin titi, muka tsaya sai da ta samu motar tasha.